Lemar Kwaɗi da Furen Bakin Hanya

  Yau ba zan kai ku nesa ba. Zancenmu a kan wani abu ne da ku ke wucewa kowace safiya, wani lokaci har ku taka shi da ƙafa.

Kai ɗan'uwana, ka taɓa lura da abin da ya kan faru a nan Ankara, babban birnin Gana, sa'anda ruwan fari ya sauka cikin watan Maris ko Afrilu? Jiya fili ƙura ne da ledoji. Bayan kwana biyu ko uku sai ka ga tsanwa ta rufe shi, furanni sun fito a gefen kwalta, wata farar lema kuma ta tsaya a tsakiyar filin ƙwallo, alhali ba wanda ya shuka ta. Mu Hausawa muna da suna biyu domin abin nan. Wanda a ke ci mu kan ce naman kaza, wanda a ke gudu mu kan ce lemar kwaɗi. Amma ba a rubuta ma kowannensu sunansa a goshi ba, nan ne wahalar ta ke.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona. A gidan hayar da na ke zaune akwai wata mace, baƙuwa daga arewa, ba ta cika shekara guda a Ankara ba. Dako ta ke yi a kasuwa, tana da yara biyu. Ta sha ganin matan kurmi suna sayar da naman kaza ƙulli ƙulli da tsada, ta kuma taɓa ɗanɗana shi cikin miya a gidan wata da ta ɗauka ma kaya. Ran nan da sassafe, bayan an kwana ana ruwa, ta bi ta gefen filin wata makaranta, ta ga manya manya, farare fat, sun yi da'ira cikin ciyawa. Ta cika kwanonta. Da ta zo gida wata maƙwabciya ta ce mata, ki jefa zoben azurfa cikin tukunya, idan bai yi baƙi ba to lafiya lau ne. Ta jefa, zobe ya fito da haskensa. Suka ci da rana tsaka, ita da yaranta.

Kafin la'asar duk su uku suna amai da zawo. Ƙaramin, ɗan shekara huɗu, idanunsa suka faɗa, ya daina ko kuka. Aka ɗura masa man ja, ya amayar da shi nan take. Da kyar muka sami mota muka kai su asibiti, aka yi ma yaron ƙarin ruwa, ya kwana uku a gado. Allah ya taimake shi, ya tashi. Amma kuɗin da aka kashe ya fi abin da uwar ta kan samu cikin wata guda, sai da 'yan gida suka yi karo karo. Washegari na je na duba ragowar da ba ta dafa ba. Na juya guda ɗaya da ya tsufa, na ga ƙarƙashinsa ya rine, ya zama kore kore mai duhu, kamar gansakuka a jikin kwata.

Kada ka ce wauta ce ta sa ta. Nama ya yi tsada, kifi ya yi tsada, ga abinci a ƙasa kyauta, ya kuwa yi kama da wanda ta gani a kasuwa. Wa zai wuce?

Irin wannan ba yau aka fara ba. Cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, akwai labarin wata shekara da aka yi yunwa a zamanin annabi Elisha, a wani gari da a ke kira Gilgal. Almajiransa suna zaune tare da shi, aka ɗora babbar tukunya. Ɗaya daga cikinsu ya fita jeji neman ganye, ya sami wani abu mai yaɗo da 'ya'ya kamar guna, ya cika rigarsa, ya zo ya yanyanka cikin fate. Labarin ya nuna a fili ba su san abin ba. Da suka fara ci suka yi kururuwa, gama sun ji ajalinsu a bakinsu. Su dai sun tsira, domin annabi yana tare da su. Abin da na ke so ka riƙe shi ne, mutumin nan ba mugu ba ne. Mai himma ne, ya so ya ciyar da 'yan'uwansa. Da bai damu da su ba, da ya yi zamansa a inuwa.

Mu mutanen Zango ya kamata mu fi kowa kula da wannan, gama mu baƙi ne, sunan unguwarmu ma ya faɗa. Zango shi ne inda ayari ya ke sauka. Kakanninmu goro ya kawo su Gwanja da Kumasi, shanu da ciniki suka kawo su bakin teku. Cikin shekarun 1930, sa'anda Malam Amadu Futa ya sauka a Nima, wurin nan makiyaya ce ta shanu. Suka zo da sanin jejinsu na arewa. Sun san kuka da kalgo, sun san tafasa da yaɗiya, sun san wadda a ke ci da wadda a ke ba akuya. Amma naman kaza ba abincin yawancinmu ba ne, ƙasarmu ta fari ba ta ba da shi da yawa, iyayenmu mata ba su koya mana shi ba. Yaron Asante kuwa tun yana bin kakarsa gona ya ke jin sunayensu ɗaya ɗaya. Da harshensu su kan ce mmire, kowane iri kuma da nasa suna. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A kan naman kaza, ko an haife ka a Mamobi, ko ubanka ma an haife shi a nan, har yanzu kai baƙo ne.

To, mene ne naman kaza? Ba ganye ba ne, ba shi da fure, ba ya bukatar hasken rana kamar dawa ko masara. Ainihin jikinsa wani zare ne fari, siriri kamar saƙar gizo, yana ɓoye cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace, yana cin abin da ya mutu. Yana nan duk rani ba ka ganinsa. Sa'anda ruwa ya jiƙa shi sai ya tura lemarsa waje, kamar yadda itace ya ke ba da 'ya'ya. Shi ya sa ya ke fitowa cikin dare ɗaya, gama yawancin jikinsa ruwa ne, wajen kashi 9 cikin 10. Ƙarƙashin lemar akwai siraran shafuka a jere kamar na littafi. Daga cikinsu ne irinsa ya ke zubowa, gari ne mai laushi da ido ba ya rarrabe ƙwayarsa, iska ta kwashe shi.

Masu kyau suna da yawa, ba na so ka tashi daga nan kana tsoron dukansu. Mafi daraja a kasuwannin Gana shi ne na suri. Wannan abin mamaki ne ƙwarai, ni kaina ban gaji da tunaninsa ba. Gara manomiya ce. Cikin surinta ta kan tauna itace da ciyawa, ta gina wani abu mai ƙofofi kamar saƙar zuma, ta shuka zaren naman kaza a kai. Zaren ya narkar mata da itacen da cikinta ba ya iya narkarwa, ita kuwa ta tsare shi daga zafi da bushewa, ta share masa gona. Tana wannan noma tun kafin ɗan Adam ya riƙe fartanya. Da damina sai naman kazan ya huda ƙasa ya fito. Domin haka ya ke da ɗan tsini mai tauri a tsakiyar lemarsa, da shi ya ke huda, yana kuma da doguwar saiwa mai sirancewa wadda ta gangara har cikin gidan gara. Wani masani Bafaranshe, Roger Heim, shi ya ba danginsu suna Termitomyces a 1942. A ƙasar Zambiya akwai wani irinsu wanda faɗin lemarsa ya kan kai kusan mita guda, iyali duka su ci su ƙoshi. Yana da wuya ƙwarai a noma na suri ba tare da gara ba, saboda haka wanda ka gani a hannun mata a bakin hanyar Kumasi, wajen Suhum da Nkawkaw, daga daji ya fito, kuma sai lokacinsa.

Akwai kuma wanda mutanen kurmi su ke kira domo. Shi a jikin itacen kwakwar manja ya ke tsirowa, bayan an kayar da itacen an tatse bamminsa, ya kwanta yana ruɓewa. Da fari kamar ƙwai ya ke, sa'an nan ya fasa jakarsa ya miƙe, jakar ta zauna a gindinsa kamar ɓawo. Lemarsa toka toka ce, shafukansa farare ne yana yaro, su koma ja ja sa'anda ya girma. Ka riƙe siffan nan, za mu komo kanta.

Na uku shi ne na noma. A 1990 aka fara wani shiri na ƙasa a ma'aikatar binciken abinci ta gwamnati a nan Ankara, aka koya ma mutane noman naman kaza cikin leda. A kan cika leda da garin katako, yawanci na itacen wawa, a turara shi domin a kashe ƙwayoyin da ba a so, a sa iri, a jera cikin ɗaki mai duhu da sanyi, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan makonni sai ya fito ta bakin ledar, fari ko toka toka, mai faɗi kamar kunne. Wannan ba shakka a kansa, gama wanda ya shuka ya san abin da ya shuka. Ke uwargida, idan kina marmarin naman kaza a miya, ga hanya mai lafiya. Ga matasanmu kuma da ke zaune a kan benci ba aiki, sana'a ce da ba ta neman gona, ɗaki guda ya isa.

Yanzu ga wanda ya kwantar da maƙwabciyata. Masana suna kiransa Chlorophyllum. Ya fi son fili mai ciyawa inda mutane su ke, watau filin makaranta, filin ƙwallo, gaban ofisoshi, gefen hanya. Babba ne, fari, da ɗigo ɗigo masu ruwan ƙasa a bisa lemar kamar an yayyafa dusa, da zobe a wuyan sandarsa. Ba shi da doguwar saiwa irin ta na suri. Kyakkyawa ne, ba ya wari, ba ya ɗaci. Yana yaro shafukansa farare ne tas, sai ya tsufa su ke rinewa kore. Ka ga mugun abu: lokacin da ya fi ban sha'awa, lokacin ne alamarsa ba ta fito ba tukuna. Bayan sa'a ɗaya zuwa uku da ci sai amai da zawo mai tsanani, wani lokaci har da jini. Babban mutum ya kan sha wuya ya tashi, amma ƙaramin yaro ko tsoho, ruwan jikinsa ya kan ƙare da sauri. A Amurka ma shi ne ya fi kowane naman kaza yawan kwantar da mutane.

Ka ji ana cewa azurfa tana baƙi idan akwai dafi. Ƙarya ne, ka ga zoben maƙwabciyata. Ka ji ana cewa a jefa albasa ko tafarnuwa a ga ko za ta sake launi. Wannan ma ƙarya ne. Waɗansu su kan ce idan tsutsa ko katantanwa ta ci, mutum ma ya ci. Hantar katantanwa ba irin taka ba ce, ɗan'uwana, abin da ta ci ta kwana lafiya ya iya kai ka kabari. Waɗansu kuma su ce ai wuta tana kashe komi. Akwai dafin da ko an tafasa, ko an soya, ko an shanya, yana nan yadda ya ke.

Akwai gwaji ɗaya na gaskiya, malaminmu ya nuna mana shi a makarantar mishan muna aji biyar. Ka yanke lemar daga sandarta, ka kifa ta bisa farar takarda, ka rufe da kwano, ka bar ta ta kwana. Da safe ka ɗaga. Garin iri ya zubo ya zana hoton shafukan a takarda, kamar hasken rana da yara su ke zanawa. Na filin makaranta, nasa kore ne. Na domo ja ja ne. Na tuna yadda muka yi ihu ran nan, muna tsammani dabo ne. Amma malam ya ɗaga yatsa ya ce takardan nan ta iya gaya maka kada ka ci, ba ta iya gaya maka ka ci. Gaskiyarsa. Kore ya hana ka, amma rashin kore bai ba ka izini ba.

Ina da magana ta musamman ga waɗanda su ke da 'ya'ya ko ƙanne a Turai da Amurka, gama babu lungu a Nima da ba shi da wani a Jamus ko Italiya ko Ingila. A ƙasashen nan akwai wani naman kaza mai suna Amanita phalloides, Turawa da kansu suna yi masa laƙabi da hular mutuwa. Ya kan fito da kaka, ƙarƙashin manyan itatuwansu, har cikin lambunan gari. Shi ma daga ƙwai ya ke fitowa, shi ma yana da jaka a gindinsa, daidai kamar domo. Bambancin kaɗan ne: shi yana da zobe a wuya, shafukansa da garin irinsa farare ne har ya tsufa. Suna ƙanana kuwa, ido ba ya raba su. Rabin lema guda ya isa ya kashe ƙato. Waɗanda suka ci suka rayu sun ce yana da daɗi.

Ga yadda ya ke kisa. Mutum ya ci da dare, ya kwana lafiya. Sai bayan sa'a 6, ko 12, har 24, amai da zawo su taso. Kwana guda ko biyu sai ya ji sauƙi, ya ce ya warke, ya koma aiki. Ashe dafin yana can yana cin hanta. Ran na uku ko na huɗu idanu su yi rawaya, hankali ya gushe, wani sai an dasa masa hantar wani kafin ya rayu. A watan Satumba na 2015, a Jamus, 'yan gudun hijira masu yawa, galibinsu daga Siriya, suka tsince shi domin ya yi kama da wanda su ke ci a gida. Babban asibitin koyarwa na Hanoba ya buga takardun gargaɗi cikin harsuna dabam dabam aka manna a sansanoninsu. A Kanbera ta Ostireliya, a farkon 2012, mutum biyu 'yan ƙasar Sin suka mutu bayan sun ci shi a liyafar sabuwar shekara, ɗaya daga cikinsu ma sana'arsa dafa abinci ce. Kama da wane ba wane ba ne. Idan ka buga ma ɗanka waya a makon nan, bayan gaisuwa ka gaya masa: abin da ya tsiro a dajin Turawa, kada ya kai bakinsa.

Mu komo gida, mu dubi furanni, gama su ma haka su ke. Yesu Almasihu da kansa ya taɓa nuna ma almajiransa furannin jeji domin su dube su da kyau, ni ma ina so ka duba. Idan ka hau tudun Aburi da damina, ko ka shiga dajin Achimota inda mutane su kan je addu'a, ka sa ido cikin sarƙaƙiya. Za ka iya ganin wani fure ja da rawaya, ganyayensa sun lanƙwashe baya kamar harshen wuta, yana hawa bisa ciyayi da 'yan ƙugiyoyi a bakin ganyensa. Ban san furen da ya fi shi kyau ba. Mutanen Zimbabuwe sun ɗauke shi furen ƙasarsu. Mu kuwa mun ce masa baurairai, ko gatarin kurege, domin saiwarsa ta tanƙware kamar ƙotar gatari. Saiwan nan ta yi kama da ƙaramar doya ko dankali. A Indiya da Siri Lanka mutane sun haƙa ta bisa kuskure sun dafa sun mutu. Dafin da ke cikinta, likitoci suna ba da ɗan ƙanƙani nasa ga masu wani ciwon gaɓoɓi, amma da ma'auni mai tsanani, gama tsakanin magani da mutuwa tazarar ba ta da yawa. Haka kuma albasar kwaɗi, mai manyan furanni farare da jan zane, wadda ta kan fito a fadama bayan ruwan fari. Gindinta albasa sak. Kwaɗi kam sun sha suna a bakinmu, duk abin da ya yi kama da abinci amma ba na ci ba ne, mun ba su.

Zaƙami kun san shi, ba sai na siffanta da yawa ba: fure kamar kakaki, 'ya'ya masu ƙaya, yana son juji da kango. Ba a banza a ke kiransa haukata yaro ba. Wanda ya sha, bakinsa ya bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya riƙa kama abin da babu. Samarinmu da su ke jefa shi cikin abin sha domin wasa, su sani akwai waɗanda ba su komo daga wasan ba. Tumfafiya kuwa, wadda ta cika filayen Ankara har bakin teku, tana da fure mai kyau fari da shuɗi. Da ita matan Fulani su ke daskarar da madara su yi wagashi da mu ke saye a kasuwar Nima. Amma farin ruwanta idan ya shiga ido ya kan dushe gani kwana da kwanaki. A hannun Bafilatana abinci ne, a hannun yaro mai wasa masifa ce.

Wani kuma baƙo ne kamarmu. Ciyawan nan da a ke kira Acampon, mai furanni fari fari da shuɗi shuɗi wajen watan Disamba, asalinta daga nahiyar Amurka ne. Ta bazu a Gana a zamanin mulkin Janar Acheampong, 1972 zuwa 1978, sai aka laƙa mata sunansa. Mutane su kan murza ganyenta su matsa a sabon rauni. Kakanninmu ba su san ta ba ko kaɗan. Ka ga ashe jeji ma yana sakewa, abin da kaka ta sani ba shi ne dukan abin da ke bakin hanya yau ba.

Waɗanda mu ka sani, mu ci da godiya. Ayoyo, wanda a arewa mu ke kira lalo, da shi a ke miyar tuwon zafi. Ga gasaya, ga tafasa mai rawayan fure. Sai dai tafasa tana da 'yar'uwa, rai ɗore, wadda 'ya'yanta su ke yi ma yara lahani idan sun ci da yawa. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye ya ke, na rai ɗore mai tsini ne. Ko mai kyau ne kuma, ka dubi inda ya tsiro. Naman kaza ya kan tsotse dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasa ya tara a jikinsa. Wanda ya fito a bakin babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, ko a kan bola, ko inda a ke ƙona wayoyi da tsofaffin batura, ko gefen hanya inda aka fesa maganin ciyawa, ka bar ma kwaɗi abinsu.

Idan za ka saya, ka saya wurin wadda ta saba, wadda ta iya gaya maka sunansa da inda aka samo shi, wadda za ka iske ta a wurin nan gobe. Na suri, ka nemi mai saiwarsa. Kada ka karɓi wanda aka yanyanka ko aka gauraya iri iri. Kada ka ci shi ɗanye. Idan kana so ka koyi tsinta, ka bi wanda ya shekara yana ci, a wannan ƙasa, ka koyi iri ɗaya tak har ka san shi yana yaro da yana tsoho. Hoton da ke cikin waya ba ya isa.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, wani ya ci, ga abin yi. Kada ku tsaya jiran a ga yadda za ta kaya, kada ku ɓata lokaci da man ja ko madara, ba su karya dafi. Wanda ya ke magagi ko ya suma, kada a ɗura masa komi, ya iya shaƙewa. A kai shi asibiti nan da nan, ga na Mamobi kusa da mu, ga na soja na 37, ga Ridge, ga Korle Bu, ko a kira lamba 112. A tafi da dukan waɗanda suka ci daga tukunyan nan, har wanda ya ce shi lafiyarsa ƙalau. A ɗauki ragowar naman kazan ko saiwar, ɗanye idan akwai, a naɗe cikin takarda, gama leda tana ruɓar da shi. A gaya ma likita ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa amai ya fara. Wannan yana da muhimmanci: aman da ya jinkirta sa'a 6 ko fiye ya fi wanda ya zo da wuri ban tsoro, kuma sauƙin da a ke ji a rana ta biyu ba dalilin barin asibiti ba ne. A hanya, idan mai ciwo yana cikin hankalinsa yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan: ledar ruwa biyu irin ta titi, watau lita guda, da ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Maƙwabciyata ta koma dakonta. Yaron ya shiga makaranta bana, ita ce makarantar da ke da filin nan. Da ruwan Satumba ya sauka lemomin suka sake fitowa a wurinsu na da, na tafi da shi da yayarsa da sauran yaran gida, muka tsinko babba guda, muka kifa ta bisa takarda, muka rufe da kwano. Da safe shi ya ɗaga kwanon. Takardar tana nan manne a bangon zaure kusa da famfo, duk wanda ya ke so ya ga koren ya zo ya gani.

Sai mako mai zuwa war haka, idan Allah ya kai mu. Ku zauna lafiya.